Langa Ba Murfi

Ku matso kusa, 'yan'uwa, yau ba dariya na zo ba ku ba. Waɗanda suka daɗe suna bina sun san bakina bai iya shiru ba, amma akwai maganar da na yi wata bakwai ina kewaye ta kamar akuya a turke. Yau zan faɗe ta. Wanda zai zage ni ya zage ni, na ci zagin.

Ga sababbin zuwa, sunana Rauda, 'yar Kankiya, shekarata ashirin da shida. Sana'ata sayar da abin da kakanninku suka jefar bayan ɗaki: langa, fanteka, tasar tagulla, adudu, fitilar ƙwai, dutsen guga na gawayi, har kwabo mai huji. Ina da guruf a WhatsApp, mutum ɗari shida da 'yan kai, nan nake gwanjo. In ɗora hoton kaya, in faɗi kuɗin buɗewa da lokacin rufewa, kowa ya taya, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya na kafa a saman guruf: in tayi bai kai abin da na ajiye a raina ba, zan ce albarka, kaya su koma ɗaki, ba faɗa.

Shekara biyar baya, 'yan jari-bola kaɗai ke waiwayar kayan nan, su ba tsohuwa bokitin roba su tafi da jerenta kaf. Yanzu fa? Masu ƙawata wurin kamu a Abuja da Kaduna nema suke ido rufe. Masu gidajen abinci na so su jera a bango. Sai kuma matanmu da aure ya kai ƙasashen waje, waɗannan su ne 'yan gaban goshina, don ba kwano suke saye ba, ɗakin kakarsu suke nema. Bara tagulla ake yayi. Bana langa ce, mai fure, kuma shuɗiya ta fi ja kuɗi, kada ku tambaye ni dalili.

Inna har gobe ba ta gane sana'ar ba. Ni ce ta fari, ba ta kama sunana, “ke” nake a bakinta. Akwai ranar da na samo wata tasa a Rimaye, ta yi baƙi-baƙi da kore a gindi, daidai yadda ake so. Na je unguwa na dawo na iske Inna ta zauna da toka da lemun tsami ta dirje ta tas, tana ɗaukar ido.

“Ke, wa zai sayi dauɗa? Taimakonki na yi.”

Wallahi zama na yi daɓas a tsakar gida na yi kuka. Dauɗar nan ita ce kuɗin! Tasar da za ta yi dubu arba'in, da ƙyar ta yi sha biyar, kowa cewa yake sabuwa ce.

To duk wannan wayon da kuke ji ina zubawa, ba nawa ba ne. Na Zahradeen ne.

Kun ga? Wata bakwai ke nan ban rubuta maku sunan nan ba.

Ɗan gidan malamai ne a Kusada. Da safe yana koyarwa a islamiyyar babansa, da yamma yana zaga ƙauyuka a kan wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Tsofaffi sun yarda da shi, don in ya ga kaya yakan faɗa masu gaskiyar abin da za su iya yi a kasuwa kafin ya saya. Dogo ne siriri, kullum farar jallabiya ko yadi ruwan toka, hularsa ta ɗan karkata hagu, ba don gayu ba, iskar babur ce. Ranar da ya fara sallama a zaurenmu da buhun kaya, ya duba wayata ya ga yadda nake gwanjo, sai ya yi murmushi.

“Malama Rauda, me ya sa kike buɗewa da dubu ashirin?”

“Saboda kuɗinsa ke nan mana.”

“A wurinki ba. Wanda ya ga dubu ashirin wucewa zai yi. Buɗe da dubu biyu. Mutum goma za su sa hannu, kuma duk wanda ya taya sau ɗaya, a ransa kayan sun zama nasa. Daga nan ba kwano yake biya ba, ƙin a ƙwace mashi yake biya.”

Na ce a raina, ji malam da wayon 'yan kasuwa. Na gwada don in kunyata shi, ni na kunyata. Shi ya koya mani in riƙa rufewa Lahadi bayan la'asar, ƙarshen wata, albashi ya shigo, na Abuja suna gida, na ƙetare sun farka. Shi ya ce kada in fito da kaya mai kyau lokacin kuɗin makaranta ko gab da layya, hankalin kowa na kan rago. Kuma in riƙa ba da labarin kaya, daga ɗakin wa ya fito, wane gari. “Amma na gaskiya,” in ji shi, yana ɗaga yatsa kamar ina cikin ɗalibansa.

Shekara biyu yana zuwa duk bayan mako biyu. In na ji tarin baburin nan daga kwanar layinmu, sai in tsinci kaina gaban madubi ina gyara kwalli, alhali mun san buhun tsofaffin kwanuka kawai za a buɗe. Ya sha shayina na citta, ya yi mani gyara a hoton da na ɗauka, mu yi musu a kan farashi har Inna ta yi gyaran murya daga ciki. Amma maganar da nake jira, ko sau ɗaya bai yi ba.

Sai wata rana ya zo da abu ɗaya naɗe cikin tsohon zane. Langa ce, shuɗiya sosai, da furanni ruwan ƙwai kewaye da cikinta, bakinta ya ɗan ɓantare wuri ɗaya. Tunda nake sana'ar ban ga mai kyanta ba.

“Ta kakata ce, da ita aka yi mata jere.”

Na juya ta, na ƙwanƙwasa gindinta da farce. “Ina murfin?”

“Ban gan shi ba.”

“Kash! Malam, langa ba murfi ai ta rasa kashi biyu cikin uku na kuɗinta. Da murfi sai ta ninka uku.”

“Yana nan wani wuri a ɗakin tsohuwa. Ajiye mani ita. Kada ki ɗora ta a guruf sai ranar da na kawo murfin da kaina.”

Ƙasa yake kallo da ya faɗi haka, yana wasa da makullin babur. Ni ba yarinya ba ce, na ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Na kai ta ɗaki na ɗora saman durowa, inda idona zai fara sauka in na tashi.

Yanzu ga inda na fara ɓata rawata da tsalle.

Ina da taubashiya, Luba, ɗiyar Goggo. Kanmu ɗaya, sharrinmu ɗaya. Akwai wata fitila da na ɗora, tayi ya tsaya cak a dubu tara, sai na ce Luba ta shiga da ɗaya layin wayarta ta riƙa ƙarawa don mai saye ta ji zafi. Ya yi aiki kuwa, fitila ta tashi a dubu sha bakwai. Ina ta murna sai ga kiran Zahradeen.

“Mai lambar nan da ta ƙare da huɗu-huɗu, ba Luba ba ce?”

Bai jira amsata ba.

“A littafi sunansa najash, Malama Rauda. Mutum ya taya abin da ba ya da niyyar saye don ya zuga wani. Haramun ne. Gwanjo halas, tayin ƙarya a cikinsa haram.”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mani sauƙi. Sai da na kira matar na faɗa mata gaskiya, na bar mata a kan tayinta na dubu tara. Na kuma rantse mashi, da bakina, cewa ni da tayin ƙarya har abada.

Ko wata huɗu ba a yi ba na maimaita. Amma wannan karon ba a kan fitila ba.

Ku yi mani adalci kaɗan. Ƙawayena duk sun yi aure, wasu da goyo na biyu. Ƙanwata Ulfa mai nemanta ya shirya, Inna ta ce ba za a tsallake babba ba, don haka kullum Ulfa na kallona kamar ni na tare ƙofa. Shi kuma malam sai shan shayi da zancen farashi. Muna zaune da Luba ina tsefe mata kai, na ce:

“Ni dai mutumin nan ya taya ko ya tashi.”

“Ke da kika san sirrin? Mai saye ba ya motsi sai ya ga wani ya miƙa hannu.”

Muka kwashe da dariya. Wallahi da dariya aka fara. Muka ƙirƙiro wani ma'aikacin kwastan daga Katsina, mai mota, wanda Allah bai taɓa halitta ba. Aikin Luba ta tare Zahradeen a tasha ta sakar mashi zancen kamar suɓutar baki. Sai dai Luba ba ta iya miya ba gishiri ba. Da ta ga ya yi shiru, sai ta ƙara da cewa ai har na amsa, manya sun shiga maganar.

Na yi kwalliya ranar, atamfa kore da mayafi ruwan madara, ina jiran in ji tarin babur, ya zo a rikice ya ce me yake ji haka. Abin da ya zo saƙo ne, har yau yana wayata:

“Na ji labari. Allah ya sanya albarka. Ba a nema kan nema, don haka na janye ƙafata. Langar ki riƙe.”

Innalillahi. Ni na manta ɗan gidan wa na yi wa wayo. A gwanjo, in wani ya taya sai ka ƙara. A gidansu Zahradeen, in ɗan'uwanka musulmi ya nemi mace ta amsa, ko za ka mutu da son ta ba ka buɗe baki. Dabarar da ke jawo mai saye ita ce ta kore shi.

Na san abin da za ku ce. Ki kira shi mana ki ce ƙarya ce! Ni ma na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ta yaya zan ce wa mutumin da na rantse wa cewa na sake tayin ƙarya, kuma a kansa? Gara ya ɗauka wani ya fi shi da ya san ni maƙaryaciya ce. Haka na zaɓa, kuma zaɓin banza ne.

Wata bakwai. Bai fita daga guruf ba, abin da ke riƙe da raina ke nan. Duk kayan da na ɗora, kafin in duba tayi sai na danna in ga waɗanda suka gani, in yi ta ja ƙasa har in iske sunansa. Yana nan kullum. Ba ya tayi, ba ya magana, gani kawai. Akwai ranar da na buɗe wani adudu da tsada da gangan, ko zai kasa haƙuri ya yi mani gyara. Shiru. Ina kewarsa, jama'a, ba zan yi maku kara ba. Ina kewar musunsa, da yadda yake hura shayi sau uku kafin ya kurɓa. In babur ya yi tari a layinmu har yanzu sai na kasa kunne.

Ana haka Allah ya kawo na gaskiya. Abdurrahim sunansa, malamin gona ne, yana zagaya manoman Fakuwa da Kafinsoli, can ya san Baba. Ya nemi izini, Baba ya ba shi, wata biyu ke nan yana zuwa zance. Ina fita, don ba ni da dalilin ƙin fita. Mutum ne mai natsuwa, ya zo da kankana ko gyaɗa sabuwar cira, ya tambayi kasuwata da gaske, har ya ce zai ware mani ɗaki guda don kayana. Abin haushin ke nan, ba ya da aibin da zan kama. Yana magana ina kallon bakinsa, zuciyata na kan hanyar Kusada.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya dawo daga gona, ƙafarsa duk taɓo, ya zauna bakin rumfa ya kira ni.

“Zamna nan, Rauda. Yaron ga ya turo kawunsa. Suna son su kawo gaisuwa. Ni ban yi maki dole, ban yi wa uwarki ba balle ke. Amma ba a aje ɗan mutane a rana. Na ce su ba ni zuwa Lahadi. In na taso daga la'asar, ki hwaɗa mani abin da zan hwaɗa masu.”

“To, Baba.”

Inna na tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba. “Kayan da suka daɗe a shago dai rana ke cinye su.”

Na so in ce mata ni kayana daɗewa ke ƙara masu kuɗi, amma na ga ba ranar baki ba ce.

Na shiga ɗaki na tsaya gaban durowa. Langar na nan, na saba goge mata ƙura da gefen mayafi. Sai wata dabara ta zo mani, irin tawa ta 'yan kasuwa. Na shimfiɗa farin zane bakin taga inda haske ke da taushi, na ɗauke ta hoto huɗu, har da wurin ɓantarewar. Na ɗora a guruf:

“Langa shuɗiya mai fure, daga jeren wata tsohuwa a Kusada. Ba ta da murfi. Buɗewa dubu biyu. Rufewa Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi.”

Ya ce kada in ɗora sai ya kawo murfi. To na ɗora. In yana da sauran magana a kaina, yanzu zai yi ta.

Kafin azahar mutum sha ɗaya sun sa hannu. Dubu biyar, bakwai, sha biyu. Hajiya Karima, wata mai ƙawata wurin biki a Abuja da ta fi kowa sayen kayana, ta yi tsalle ɗaya zuwa ashirin. Wata daga Jidda ta turo saƙon murya tana cewa sak irin ta kakarta, ta ƙara biyar. Ni duk ba su nake kallo ba. Ƙarfe ɗaya da minti shida sunansa ya fito cikin waɗanda suka gani.

Alhamis ta wuce. Juma'a ta wuce. Ko ɗigo.

Ranar Asabar da safe ina wanke-wanke sai na ji kunya ta rufe ni, hannuna cikin kumfa. Me na yi ke nan? Tarko na sake ɗanawa. Mutumin da na rasa saboda dabara, shi nake son in dawo da shi da wata dabarar. Na ɗauraye hannu, na zauna bayan rumbu inda ba mai ganina, na rubuta mashi ba tare da na tsaya gyara ba:

“Malam, babu wani ɗan kwastan. Ba a taɓa yin sa ba. Ni na sa Luba ta faɗa maka don ka yi sauri. Tayin ƙarya ne, irin wanda na rantse maka na bari. Ka yafe mani ko kada ka yafe, amma ka sani.”

Na tura, na kife wayar a cinya. Sai bayan kusan awa guda ta yi motsi.

“Na yafe. Da ma na yi mamaki, wata bakwai ba a ji ɗaurin aure ba.”

Hawaye suka zubo mani. Kafin in samu abin cewa wani ya shigo.

“Yanzu fa? Akwai wani?”

Kun ga inda ƙarya ke da daɗi? Kalma ɗaya ce, babu, shi ke nan. Yatsana har ya kai kan harafin. Na runtse ido na rubuta gaskiya.

“Akwai. Na gaske ne wannan.”

“Baba ya ba shi izini?”

“Ya ba shi.”

“Kina fita?”

“Ina fita. Gobe bayan la'asar zan ba Baba amsa.”

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Na kasa jurewa.

“Malam, in na ce masu albarka, za ka taya?”

“Ba ni da halin amsa wannan, Malama Rauda. Amsar ma nema ce.”

Na bi saƙon da kallo har allon ya mutu. Wato da na yi ƙarya, dokar ta raba mu a banza. Yanzu da na yi gaskiya, dokar ta hau kanmu da gaske. Ba zai ce mani komai ba muddin maganar Abdurrahim na tsaye. In zan saki wanda ke hannu, sai dai in sake shi ido rufe, ba alkawari, ba ko alama. Ni da ban taɓa cewa albarka ba sai na tabbata akwai wani mai saye a bayan ƙofa.

Lahadi ta zo. Tun safe gidan ya yi wani iri. Ulfa ta yi shara sau biyu, tana wucewa tana satar kallona. Inna ta fito da sabon labule ta rataya a ƙofar falo ba wanda ya tambaye ta. A guruf kuwa wuta ake, ta Jidda da Hajiya Karima sun kama juna, dubu arba'in, arba'in da biyar, hamsin da biyu. Langa ba murfi! Da a ce wata rana ce da na taka rawa.

Wajen ƙarfe uku Luba ta faɗo ɗakina ko sallama babu, mayafinta a hannu, tana haki.

“Direban motar Kusada ya tsayar da ni a tasha. Wai a ba ki.”

Ƙullin tsohon zane ne, irin na wancan karon. Tun kafin in kwance na san ko mene ne, nauyinsa ya faɗa mani. Murfi shuɗi, fure ɗaya ruwan ƙwai a tsakiya, ɗan maɗaukinsa ya yi tsatsa. A cikinsa takarda ce da aka yago daga littafin ɗalibai, da rubutunsa mai kwanciya:

“Na same shi tun watan da na daina zuwa. Kin ce da murfi kuɗinta ya ninka uku. Kada ki sayar da arha.”

Luba ta karanta ta saman kafaɗata. “To me yake nufi? Sallama ce ko kira?”

“Ni na sani?”

“Ya ce da kansa zai kawo, ga shi ya aiko direba. Rauda, ni dai wannan ya yi mani kama da bankwana.”

“Ki yi mani shiru, ke kika ƙara gishirin.”

Amma ta faɗi abin da ke raina. Zai yiwu amana ce kawai ya sauke, ya cika mani kaya in sayar in yi kayan ɗaki da kuɗin, in tafi gidan wani. Zai yiwu kuma iyakar abin da dokarsa ta bar shi ya faɗa ke nan. Na karanta layin ƙarshe ya fi sau goma, bai canza ba, bai kuma ƙara haske ba.

Na sauko da langar na ɗora mata murfin. Ya zauna ɗas, da 'yar ƙara.

Aka kira la'asar. Na yi salla, na daɗe a sujada ban ma san me nake roƙo ba. Huɗu da rabi daidai tayi ya tsaya a dubu sittin da ɗaya, na Hajiya Karima. Na rubuta kalma ɗaya a guruf: “Albarka.”

Nan take ta kira. “Rauda, lafiyarki? Dubu sittin da ɗaya a kwano ba murfi! Nawa kika ajiye a ranki?”

“Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne. Bai kamata in ɗora ta ba tun farko, ba ta sayarwa ba ce. Duk abin da ya fi kyau a kaya na gaba, ke zan fara nuna wa.”

Ta yi tsaki ta kashe. Ta yi daidai.

Sai na ji gyaran muryar Baba a rumfa. Na zura hijabi na fita. Na durƙusa gefen tabarma. Inna ta bar abin da take yi, Ulfa ta laɓe bayan sabon labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

“Ina jin ki.”

“Baba, a ba su haƙuri. Mutumin kirki ne, bai yi mani komai ba. Amma in na amsa na cuce shi.”

Inna ta saki salati. Baba ya ɗaga mata hannu, idonsa a kaina.

“To. Wa gare ki? Ya turo.”

Da Raudar da kuka sani ce, da ta samo suna nan take. Na ɗago kai.

“Babu kowa, Baba.”

“Babu kowa?”

“Babu wanda ya ce komai.”

Ya ci gaba da jan carbi ɗaya-ɗaya. Can ya ce, “Kin san abin da kika saki?”

“Na sani.”

“Allah shi sa haka ya fi alheri. Tashi ki tahi.”

Na wuce Inna tana faɗin abin da ba zan rubuta maku ba, na wuce Ulfa tana kuka ƙasa-ƙasa, kuma kukanta na kan gaskiya. Na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na ɗauki waya na rubuta mashi:

“Na ce albarka. Babu maganar kowa a kaina yanzu. Langar ma ban sayar ba.”

Ƙarfe biyar da minti goma alamar ta koma shuɗiya. Ya karanta.

Yau Laraba. Langa na saman durowa da murfinta. Inna ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Wayata na hannuna ko girki nake, na ƙure mata ƙara, kuma tun Lahadi babur uku suka yi tari a layinmu, duk ukun sai da na leƙa. Shekara biyar ina koya wa mutane jira, ina kallon su suna ƙara kuɗi don tsoron a ƙwace masu. Ban taɓa tambayar yadda kaya ke ji ba in an buɗe kasuwa, kowa ya gani, wanda ake so bai taya ba tukuna.